Tsayayye da Mai-sauyi: Hausar Ƙonni a Layukan Farko na Manhaja

Kowace manhajar kwamfuta, ta lissafin albashi ce ko ta ƙidayar kalmomi, tana farawa da wasu ƴan layuka da mai koyo kan yi saurin tsallakewa don ya isa inda yake zaton aikin gaske yake. A waɗannan layuka ne mai rubutu yake ayyana abubuwan da zai yi aiki da su. Yana raɗa wa kowanne suna, ya faɗi wanda aka yarda ya sauya, ya faɗi wanda ba a taɓawa, sannan ya tara waɗanda ke tafiya tare cikin jeri guda. Masu shirya manhaja suna ɗaukar wannan a matsayin share fage kawai. Ni kuwa, tun da binciken karin harshe ya tilasta mini koyon harshen Python, na fahimci cewa a nan ne ake yanke hukuncin da ya fi kowanne nauyi, kuma hukunci ne irin namu na masu nazarin harshe. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Manhajar da za ta yi wa Hausar Ƙonni adalci ita ma tun daga layinta na farko ake gane ta.

Bari in fara da fayyace kalmomi uku, saboda ƴan uwana ɗalibai da ba su taɓa buɗe irin wannan rubutu ba. Na farko shi ne abin da zan kira mai-sauyi: suna ne da aka ɗaura wa wata ƙima, da sharaɗin cewa ana iya kwance shi a ɗaura wa wata. Na biyu shi ne tsayayye: suna ne da ƙimarsa ba ta motsawa daga farkon aiki har ƙarshensa. Na uku shi ne jeri: suna ɗaya da ke riƙe da abubuwa da yawa a bin da bin. A Python ga yadda suke:

gari = "Malbaza"
JIHA = "Tawa"
gundumomi = ["Ƙonni", "Malbaza", "Illela"]

Layi na farko yana cewa a yanzu kalmar gari tana nufin Malbaza, amma in an jima tana iya komawa Galmi. Na biyu yana cewa duk inda aikin ya kai, jihar nan dai Tawa ce. Na uku ya tara gundumomi uku a ƙarƙashin suna ɗaya. Tun daga fitowar Python 3 a shekarar 2008 an yarda a rubuta irin waɗannan sunaye da haruffan da ba na Ingilishi ba, don haka mutum na iya kiran mai-sauyinsa ƙauye ko ɗalibi, da ƙugiyarsu, injin ya karɓa.

Wanda ya karanci ilimin ma'ana zai ga cewa ya riga ya san wannan tsari. Idan mai tatsuniya ya ce "wani mutum ya zo kasuwa", ya buɗe wa mutumin nan gurbi a zuciyar mai sauraro. Daga nan sai ya ci gaba da cewa "mutumin ya sayi albasa", madanganci -n yana komawa ga gurbin da aka buɗe, kamar yadda -r take yi a "matar". Amma idan aka fara zance da "mutumin ya sayi albasa" ba tare da an gabatar da kowa ba, mai sauraro zai katse ka da tambayar "wane mutum?" Haka kwamfuta take yi daidai: in ka kira sunan da ba ka ayyana ba, sai ta tsaya cak ta ce ba ta san shi ba. Masana ma'ana sun daɗe suna bin wannan sawu. Lauri Karttunen ya yi rubutu a kan yadda zance ke haifar da abin komawa, sannan Hans Kamp a 1981 da Irene Heim a 1982 suka gina ra'o'i guda biyu masu kama da juna, inda Heim ta kwatanta mai sauraro da mai ajiyar katuna: kalma irin su wani tana buɗe sabon kati, madanganci kuma yana ƙara bayani a kan tsohon kati. Ashe ayyanawa tsohuwar sana'a ce a bakin ɗan Adam, injin aro ya yi.

Harsunan kwamfuta sun bambanta a kan yawan bayanin da suke nema kafin su karɓi suna. Harshen C yana son ka faɗi nau'in abin tun farko, ko cikakkiyar lamba ce ko harafi. Python ba ta tambaya, tana duba abin da ka ɗaura wa sunan ta gane da kanta. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne FORTRAN, wanda kamfanin IBM ya fitar a 1957. A cikinsa, in ba ka ce komai ba, harafin farko na suna shi ke yanke nau'insa: sunan da ya fara da I, J, K, L, M ko N cikakkiyar lamba ce, sauran kuwa lamba ce mai ɗigo. Duk Bahaushe ya san irin wannan doka, domin haka muke hasashen jinsi daga wasalin ƙarshe: sunan da ya ƙare da -a galibi tamata ne, kamar riga da gona da kasuwa. Mun kuma san inda dokar ke tuntuɓe, tunda ruwa da gida da nama da suna duk namiji ne, sunayen garuruwa kuwa tamata ne ko da me suka ƙare, shi ya sa muke cewa Ƙonni ce, Galmi ce. Masu FORTRAN ma sun sha wuyar hasashen nan, domin harafi ɗaya da aka rubuta a karkace yakan haifi sabon mai-sauyi ba tare da kowa ya sani ba. Daga baya, a Fortran 90, aka shigar da umarnin da ke kashe hasashen ya tilasta a ayyana kowane suna ɓaro-ɓaro. Darasin shi ne, abin da aka bar wa hasashe yana da araha a farko, yana da tsada a ƙarshe.

Aikina na digiri na biyu a kan maganar mutanen gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela ne. Ina ɗaukar hira da naɗar murya, in zauna in juya ta zuwa rubutu kamar yadda aka furta, sannan in sa kwamfuta ta ƙidaya mini siffofin da nake bi. Hausar wannan yanki ita ce wadda na tashi da ita, wadda ake cewa lahiya da tahiya da hwara, ake cewa shina zuwa, munka gani, sunka ce, ake kuma dirke jimla da na da ta inda Bakano zai ce ne da ce. Tana cikin rukunin karin yamma, tare da Sakkwatanci da Gobiranci, kuma Bernard Caron ya wallafa cikakken littafi da Faransanci a kan Hausar Adar a 1991. Kafin kwamfuta ta ƙidaya ko da kalma ɗaya daga wannan magana, dole in gaya mata wurin da aka ɗauki kowace hira. Tun daga nan matsalar suna take farawa.

Akwai Illela biyu. Ɗaya ita ce ta Adar, hedikwatar gunduma a jihar Tawa, arewa da Ƙonni. Ɗayar tana Nijeriya, cikin jihar Sakkwato, dab da Ƙonni ta wajen kudu, da zarar an ƙetare iyaka. Kamar hakan bai isa ba, cikin gundumar Ƙonni kanta akwai ƙaramar hukumar Alela, wadda wasali ɗaya ya raba ta da su. Mutumin Ƙonni ba ya ruɗewa. In direba a tasha ya ce Illela, ana duba inda motarsa ta fuskanta, in kuma ana son a yanke shakka sai a ce Illelar Adar ko Illela Amarawa. Mahallin zance yana cike giɓin da sunan ya bari. Kwamfuta ba ta da tasha, ba ta kuma ganin inda mota ta fuskanta. In aka rubuta Illela sau biyu, a wajenta wuri ɗaya ne, sai ta zuba maganar mai zuwa kasuwar Badagishiri da ta ɗan kasuwar Sakkwato cikin ƙwarya guda. Ga mai nazarin karin harshe wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin ɗaya daga cikin tambayoyin da yake son amsawa ita ce ko iyakar ƙasa, da makarantar Faransanci a wannan gefe da ta Ingilishi a wancan, sun fara raba bakin mutane. Maganin shi ne a ayyana kowane wuri da cikakken jeri na ƙasa da jiha da gunduma da gari, wato a rubuta wa injin abin da ɗan gari yake riƙe da shi a ka.

Matsalar tana da ɗaya fuskar: abu ɗaya mai sunaye da yawa. Garin da nake rubutawa Ƙonni, takardun hukuma suna rubuta shi Birni N'Konni, wasu su rubuta Birnin Konni, wasu Konni kawai, bakin mutane da yawa kuma yana cewa Ƙwanni. A idon kwamfuta waɗannan garuruwa ne daban-daban har sai an gaya mata akasin haka. Al'adarmu ta saba da wannan ƙwarai. Ranar bakwai ana raɗa wa jariri sunan yanka, amma uwa ba za ta kira ɗan farinta da shi ba saboda alkunya, kakanni su ba shi nasu laƙabi, abokai su ba shi nasu, in an haife shi ran Laraba ya zama Balarabe. Sunaye huɗu ko biyar, mutum ɗaya, kuma in zazzaɓi ya kama Balarabe to ya kama mai sunan yankan. Python tana da irin wannan hali game da jeri. In ka rubuta wurare = gundumomi, ba ka yi sabon jeri ba, ka ba tsohon laƙabi ne kawai. Duk abin da ka ƙara ta wannan suna zai bayyana ta wancan. Ɗaliban lissafi sukan yi mamakin haka a makonnin farko. Wanda ya girma a gidan da ake sakaya suna ba ya buƙatar dogon bayani.

Yanzu mu zo ga tsayayye. Me ya fi jerin gundumomin jiha kama da abin da ba ya sauyawa? Amma wanda ya rubuta manhaja a 2010 ya ayyana gundumomin jihar Tawa a matsayin tsayayye, takwas zai lissafa: Abalak, Buza, Cintabaraden, Illela, Keita, Ƙonni, Madawa da Tawa. A 2011 aka sake rabon ƙasa, gundumomin Nijar suka tashi daga 36 zuwa 63. Malbaza, garin masana'antar siminti, ta fita daga cikin Ƙonni ta zama gunduma mai cin gashin kanta, Bagaruwa ta fita daga Illela, Tasara da Tiliya suka fita daga Cintabaraden. Hirar da aka ɗauka a Malbaza kafin wannan shekara tana ɗauke da sunan gundumar Ƙonni, wadda aka ɗauka a gida ɗaya bayanta tana ɗauke da sunan Malbaza. Mai maganar bai ƙaura ba, harshensa bai juya ba, abin da aka ce tsayayye ne ya motsa. Kiran abu tsayayye yana nufin mun yanke shawarar kada mu bar shi ya motsa cikin iyakar aikinmu. Bai nuna cewa Allah ya halicce shi a kafe ba.

Python ta fi sauran harsuna faɗin gaskiya a kan wannan. A harsuna irin su C da JavaScript akwai kalmar umarni da ke kulle suna, in ka yi yunƙurin sauya shi injin ya ƙi. A Python babu makulli. Abin da ake da shi yarjejeniya ce tsakanin mutane, wadda aka rubuta cikin jagorar salon rubutun harshen: sunan da aka rubuta da manyan haruffa, kamar JIHA a misalinmu, kada a taɓa shi. Injin ba zai hana ka ba, abokan aikinka ne za su ga ka saɓa. Game da jeri kuwa, Python ta tanadi iri biyu: wanda ake iya ƙara masa ko rage masa, da wanda in an rufe shi an rufe ke nan. Mai nazarin nahawu ya san wannan rabo da sunan buɗaɗɗen aji da rufaffen aji. Ajin suna buɗaɗɗe ne, kullum yana karɓar baƙi, daga mota da lakwal zuwa salula da intanet. Ajin wakilin suna rufaffe ne. Sai dai tambayar ita ce, a bakin wa aka rufe shi? In aka rufe jerin lamiran lokaci a kan muka, kuka, suka, aka, to munka, kunka, sunka, anka sun kwana a waje, alhali miliyoyin mutane daga Sakkwato zuwa Tawa da su suke ba da labari.

A nan ne fannoni biyu suke haɗuwa a kan kalma ɗaya. Kalmar da masu shirya manhaja suke kiran mai-sauyi da ita, a Faransanci da Ingilishi, ita ce kalmar da William Labov ya kafa walwalar harshe ta zamani a kanta, cikin bincikensa na tsibirin Martha's Vineyard a 1963 da na birnin New York a 1966. A wajen Labov, mai-sauyi gurbi ne guda a cikin harshe wanda ake cike shi ta hanyoyi biyu ko fiye ba tare da ma'ana ta canza ba. A manyan kantuna uku na New York ya bi yadda ma'aikata ke furta r ko su haɗiye ta, ya nuna cewa zaɓin yana bin matsayin kanti da yadda mai magana ke lura da bakinsa. Muhimmin abin da ya yi shi ne, bai ɗauki ɗaya daga cikin furucin ya ce shi ne asali, ɗayan kuskure ba. Gurbin ya raɗa wa suna, ya jera masu cike shi kafaɗa da kafaɗa.

Mu ɗauki sautin da daidaitacciyar Hausa ke rubutawa da f. Ana iya ayyana shi ga kwamfuta ta hanya biyu. Ga ta farko:

DAIDAI = "lafiya"
kurakurai = ["lahiya"]

Ga ta biyu:

gurbin_f = ["f", "h", "hw"]

Dukansu za su yi aiki, dukansu za su fitar da alƙaluma, kuma babu injin da zai ce ɗaya ta fi ɗaya. Amma ta farko ta riga ta amsa tambayar bincike kafin a fara binciken. Ta kafa furucin Kano da manyan haruffa, ta sa na Ƙonni cikin jerin abubuwan gyara. Duk sakamakon da za ta bayar zai zo da siffar "nawa ne suka kauce". Ta biyu tana barin a tambayi abin da ya kamata a tambaya: a gaban wane wasali hw ke fitowa, a gaban wanne h ke fitowa, wa ke amfani da f, a wane zama, da wa yake magana. A cikin hirarrakina na sha jin mutum ɗaya ya ce hita yana magana da maƙwabcinsa, ya ce fita da ya juyo ga na'urar naɗar murya. Ayyanawa ta farko za ta rubuta cewa ya yi kuskure sau ɗaya ya gyara. Ta biyu za ta nuna mutum mai kari biyu a bakinsa, wanda ya san inda yake ajiye kowanne.

Tarihin harshen ma bai goyi bayan ayyanawa ta farko ba. A ƙarshen shekarun 1920 masanin nan Bajamushe August Klingenheben ya bayyana dokokin da ke raunana baƙi a ƙarshen gaɓa cikin Hausa. Ɗaya daga cikinsu, wadda ke mayar da baƙin leɓe zuwa u, ta yi aiki a karin gabas amma ba ta kai yamma ba. Shi ya sa Kano ke cewa zauna, sauka, aure, mu kuwa muke cewa zamna, sabka, amre. Haka nan biyat ta girmi biyar. Idan ana neman siffar da ta fi daɗewa a tsaye, a bakin tsohuwar da ke sayar da hura a Tsarnawa za a same ta. Wanda ya sauya shi ne wanda aka ɗora a kan kujerar tsayayye. Ba ina faɗin haka don a juya teburi a mayar da Kananci kuskure ba. Ina faɗi ne don a ga cewa zaɓen daidaitaccen kari aikin hukuma ne da maɗaba'a da makaranta da gidan rediyo, kuma manhajar da ta ɗauke shi tamkar dokar halitta ta shigar da siyasa cikin lissafi ba tare da ta sanar ba.

Jeri mafi muhimmanci a kowace manhajar Hausa shi ne na haruffa, kuma yawancin kayan aikin da muke ara ba su taɓa ayyana shi ba. Sun gaji na Ingilishi ne a ɓoye. In ka ce wa Python ta jera kalmomi bisa tsarin abacada ba tare da ka ba ta naka jeri ba, za ta bi lambar da tsarin Unicode ya ba kowane harafi. Lambar z ita ce 122, ta ƙ 409, ta ƴ 436, ta ɓ 595, ta ɗ kuma 599. Saboda haka ƙasa da ƴaƴa da ɓera da ɗaki duk za su koma bayan zuma, kuma ƙ za ta riga ɓ, abin da babu ƙamus na Hausa da ya taɓa yi. In ka ce ta ƙidaya haruffan tsuntsu za ta ce bakwai, alhali ɗan aji ɗaya ya san biyar ne, domin ts harafi ɗaya ne kamar sh. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke da wuyar gyara. Layi ɗaya ne, inda za a rubuta haruffan Hausa cikin tsarinsu a ba jerin suna. Amma sai wanda ya san akwai matsalar zai rubuta layin, kuma wanda ya sani shi ne mai nazarin harshe.

Ko wannan jeri ma yana da fuska biyu. Tun taron Bamako na 1966, wanda UNESCO ta kira don daidaita rubutun wasu manyan harsunan Afirka ta Yamma, ake ƙoƙarin haɗa kan masu rubuta Hausa, amma har yau Nijar tana rubuta ƴ, kamar yadda ƙa'idar rubutu ta 1999 ta tabbatar, Nijeriya kuma tana rubuta 'y. Ga mai karatu bambancin bai taka kara ya karya ba. Ga kwamfuta kuwa babba ne. Kayan aiki da yawa suna ɗaukar alamar ɗaurin nan a matsayin alamar rubutu mai raba kalmomi, sai su datse 'ya'ya ta zama ya da ya, su haɗa ta da lamirin da ke cikin "ya tafi". Ƴaƴa, da ƙugiyarta, tana tsira. Amma kada mu yi saurin alfahari, domin jami'a da ma'ana da sa'a suna ɗauke da wannan alama a ƙasashen biyu, kuma wuƙar da ta yanka 'ya'ya tana yanka su. Wanda zai tara rubutun Hausa daga gefen iyaka biyu dole ya ayyana tun farko cewa ƴ da 'y laƙabi biyu ne na sauti ɗaya, kuma alamar hamza harafi ce mai cikakken matsayi a cikin jeri.

Me ya sa nake ganin wannan magana ta wuce sha'anin kundin digirina? A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Duk yadda aiwatar da wannan zai kasance, za a buƙaci kayan aiki: mai duba ƙa'idar rubutu, mai fassara, mai juya murya zuwa rubutu, ƙamus na waya, rumbun kalmomi. Kowanne daga cikinsu zai fara da waɗannan ƴan layuka na ayyanawa. Na riga na ga wata manhajar rubutu tana ja wa munka da lahiya jan layi, kuma na san abin da jan layi ke koya wa yaro ɗan firamare a Dogerawa ko Tajaye: cewa yadda uwarsa ke magana abin gogewa ne. Na'urar juya murya da aka horar da furucin gari ɗaya za ta riƙa kasa jin manomin albasa na Galmi, kuma ba za ta ce ita ce kurma ba, za a ce shi ne bai iya faɗi ba.

Ba na adawa da daidaitacciyar Hausa. Da ita nake rubuta wannan maƙala, kuma ba don ita ba da ɗalibin Damagaram da na Dogonduci da na Zariya ba su karanta littafi ɗaya ba. Al'umma tana buƙatar abin da za ta rubuta da manyan haruffa ta ce kada a taɓa. Abin da nake so shi ne mu riƙe ta yadda Python ke riƙe tsayayyunta, a matsayin yarjejeniyar da mutane suka ƙulla don aiki ya tafi, suna sane da cewa su suka ƙulla ta. Manhajar koyar da ƙa'idar rubutu tana da haƙƙin nuna wa yaro cewa a takarda lafiya ake rubutawa. Tana iya yin haka ta hanyar ce masa "wannan furucin yamma ne, ga yadda ake rubuta shi", maimakon ta jefa kalmarsa cikin jerin da aka raɗa wa suna kurakurai. Bambancin a wajen mai shirya manhaja sunan jeri ɗaya ne da gurbi ɗaya na ƙari. A wajen yaron kuwa bambanci ne tsakanin a ƙara masa kari da a ƙwace masa nasa.

Don haka ina kira ga ƴan uwana ɗalibai da kada su miƙa wannan ɓangare ga ɗaliban kimiyyar kwamfuta su juya baya. Koyon ayyana mai-sauyi da tsayayye da jeri bai wuce aikin ƴan kwanaki ba, kuma mun riga mun mallaki abin da ya fi wuya, wato sanin bambancin suna da abin da yake nuni gare shi, da sanin ajin da ke buɗe da wanda ke rufe. Duk wanda zai tara bayanan magana ya ajiye furucin yadda aka yi shi a gurbi ɗaya, daidaitacciyar siffa a wani gurbi, kada ɗaya ta shafe ɗaya. Ya rubuta wuri da cikakken jerinsa da shekarar da aka ɗauki hirar, saboda gundumomi suna haihuwa. Ya ayyana haruffansa da kansa. Ga malamanmu kuma, Allah ya ƙara musu basira, ina roƙon a ƙara tambaya ɗaya cikin waɗanda ake yi wa ɗalibi ranar kare kundi in ya zo da alƙaluman da kwamfuta ta fitar masa. Kafin a duba jadawalinsa, a ce ya buɗe layukan farko ya nuna abin da ya kira tsayayye, ya kuma faɗi dalilinsa. In ya iya kare wannan zaɓi, alƙaluman nasa ne. In bai iya ba, to wani ne can, wanda wataƙila bai taɓa jin an ce shina zamne lahiya ba, ya yanke masa hukunci a kan harshen gidansu.